Muciyar Ruwa

Mu ba mu da murhu a tsakar gida, don tsakar gidan ma ba mu da ita. A hawa na biyar muke, cikin wani tsohon bene a unguwar Mount Hope da ke Bronx, a Amurka, taku kaɗan daga titin Grand Concourse, kuma abin da ya tsaya mana a matsayin wuta shi ne hitar ƙarfe da ke ƙarƙashin tagar falo. Da an idar da sallar magariba sai ta fara ƙwanƙwasa kanta, kamar akwai wani a ciki yana neman a buɗe masa. Kaka ta yi mako guda tana yi mata kallon rashin yarda. Daga baya ta ja dardumarta kusa, ta miƙe ƙafa, ta ce tunda abin yana da ɗumi kuma ba ya hayaƙi, ta yafe masa surutun. Nan ya zama wurin tatsuniyarmu.

Kaka mahaifiyar Baba ce. Daga Yawuri ta zo, a farkon sanyin shekarar da na cika goma, don a yi mata aikin ido, kuma takardar zamanta ta wata shida ce. Sunanta aka sa mini, shi ya sa a gida ba mai kama sunana, Ummi ake ce mini, ita kuma ta ce takwara. Wata shida ke nan muka samu ni da ita, ba kuma wanda ya san ko za a ƙara mana.

Matsalar ita ce a lokacin na daina Hausa. Ji kam ina ji sarai, har gulmar da Mama ke yi a waya da ƙasa-ƙasan murya ba ta wuce ni. Bakina ne na rufe. Shekara guda kafin nan, a wani taron suna a unguwar Soundview, an aike ni in gaya wa mata cewa liman ya iso, na shiga ɗaki cike da manya na ce, "Liman ta zo." Wata ta riƙe ciki, wata ta ce in maimaita mata, wata ta ce a ƙyale ni ai Ba'amurkiya ce. Ba da mugunta suka yi ba, yanzu na sani. Amma shekarata tara, kuma kafin mu iso gida na yi wa kaina alkawarin ba wanda zai sake jin Hausata. Ni da ko buroshin haƙori sai an tuna mini, wannan alkawarin na riƙe shi gam.

Ita kuma Kaka Turancinta kalma biyu ne, tankiyu da sori, kuma duk wadda ta fara zuwa bakinta ita take ba mutum. Don haka tatsuniyar tamu hanya ɗaya take bi. Ta faɗa, in saurara, ƙanwata Nana mai shekara huɗu ta yi barci tun kura ba ta shigo labarin ba. In Kaka ta tsaya a tsakiya ta yi tambaya, sai in amsa da Turanci, ta zuba wa bakina ido har in gama, sannan ta ci gaba daga inda ta tsaya. Wata rana ta ce wa Mama an ba ta rabin jika, kunnuwan nata ne, bakin na Turawa. Kowa ya yi dariya, amma ni na ga fuskarta, ba wasa kaɗai take ba. Haka muka cinye wata biyu.

Abin da ya shiga tsakani wani katun ne na Japan, irin wanda yaran makarantarmu ke kira anime. Labarin 'yan mata biyu ne da ke koyon tuƙa wasu dogayen baƙaƙen jirage a wani birni da titunansa duk ruwa ne. Gondola ake ce wa jiragen, a tsaye ake tuƙa su daga baya, da filafili guda ɗaya. Ba faɗa a cikinsa, ba dodo, ba mai bin wani da gudu. Su ɗauki fasinja, su nuna masa gadoji, su sha shayi, rana ta faɗi, shi ke nan an gama. Ni kaina ban san abin da ya sa nake son sa ba. Da Japananci suke magana, fassarar Turanci na wucewa a ƙasan allo.

Wata Asabar bayan la'asar, Mama tana wurin aikinta na kula da tsofaffi, Baba yana kan titi da tasinsa, na kwanta rub da ciki a gaban kwamfutar Mama ina kallo. A lokacin an yi mako biyu da cire wa Kaka bandeji, kuma tunda idon ya washe ba abin da ya tsira daga bincikenta, daga tantabarun taga har mutumin da ke kakkaɓe kafet a benen da ke fuskantarmu. Sai na ji numfashi a bayan kunnena. Kaka ce ta leƙo tana kallo. A allon, gajerar yarinyar, wadda kullum ita ce mai yin kuskure, tana ta fama da jirginta yana karkata.

"Wagga ɗiya ba ta iya tuƙi ba," in ji Kaka.

Ni kuwa tuƙi ɗaya na sani a gidanmu, shi ne na tuwo. Abin da Baba ke yi da mota da Turanci muke kiran sa. Na duba allon, ba tukunya, ba gari. Sai na ɗauka aikin idon ne bai yi ba, an sha wahala a banza. Tausayinta ya kama ni, kafin in ankara bakina ya riga ni.

"Ba tuwo ba ne, Kaka. Boat ne."

Na ji abin da na yi, na sandare. Jira nake ta rangaɗa guɗa, ko ta ce a kira mata Mama a waya. Ko kallona ba ta yi ba. Idonta na kan allo ta ce ta san ba tuwo ba ne, ai yanzu tana da ido. Ta ce in dubi ƙafar yarinyar, ta haɗe su wuri guda kamar mai tsayuwar salla, ina jirgi zai miƙe.

"Uwarki na tuƙin tuwo, ubanki na tuƙin mota," ta ce. "Duk aro na sunka yi. Tuƙi na hwarko bisa ruwa yake."

Ta ce haka ma jirgi, na ruwa shi ne mai sunan, na sama da na ƙasa daga baya suka zo suka raɓa. Ban taɓa bincika ko gaskiya ne ba, ba na kuma son in bincika. A ranar na fara jin cewa kakata, wadda ke tsoron lifta, a tsibiri ta girma a tsakiyar kogin Kwara, kuma tun tana kamar ni take kai albasa kasuwa a kwalekwale ita kaɗai. Ta nuna abin da ke hannun yarinyar ta tambaye ni sunansa. Na yi lissafi irin nawa: in dai tuƙi ake yi da shi, to ai sunan a fili yake. Na ce muciyar ruwa.

Kaka ta yi dariya har sai da ta goge idon da likita ya hana ta taɓawa. Na ce a raina ga shi nan, an koma Soundview. Amma da ta sarara sai ta ce sunansa filafili, sai dai nawa ya fi, don ko wanda bai taɓa ganin kogi ba zai gane abin da ake nufi. Sannan ta dungure ni ta nuna allo, don an ci gaba da magana ba ta ji ba.

"Mi tac ce?"

Wannan tambayar ita ce ta cinye alkawarina. Ba roƙona take in yi Hausa ba, ba kuma gwada ni take ba. So take ta ji abin da aka ce, kuma duk gidan ba mai gaya mata sai ni. Ta dafa kafaɗata, duk layin da ya wuce ta ce mi tac ce, ni kuma in tattaro abin da ke bakina, rabi Hausa rabi Turanci, in miƙa mata.

Sa'a ko rashin sa'a, kashin da muke kallo shi ne na zuwa bakin teku. Malamar 'yan matan ta ba su hutun yini guda, suka tuƙa jirginsu zuwa wani wuri mai farin yashi, suka yi iyo, suka binne gajerar a yashi har wuya, suka ɗaure wa junansu ido da ƙyalle suna neman kankana da sanda su fasa, suka ci, suka zauna kallon faɗuwar rana. Iyakar labarin ke nan. Kaka kuwa kowane abu sai ta tsayar da ni. Kayan iyon ta kalla sau ɗaya ta ce tela ya cuce su, ta wuce wurin. Binnewar ce ta ɗaga mata hankali, sai da ta ga yarinyar ta fito da ranta. Ta tambaya yaya mutanen da kullum suna bisa ruwa za su samu hutu, su kuma tafi wurin ruwa. Da Baba ya dawo ma sai da ta tare shi tun bai cire takalmi ba, ta ce shin in ya samu hutu mota yake shiga ya zauna? Baba ya ce shi barci yake, Inna.

Amma kankanar ce ta tsaya mata a rai. Ga wuƙa, ga idanu lafiya lau, me zai sa a rufe ido a bi abinci da duka? Na ce mata ba dalili, wasa ne kawai. Ta ce ba ta yarda ba. A wurin Kaka ba a yin abu ba dalili, sai dai a ce mai ba da labarin ya yi gaggawa ya bar dalilin a hanya.

Washegari bayan magariba, hita ta fara ƙwanƙwasarta, Kaka ta gyara zama. Maimakon buɗewar da ta saba sai ta ce, "Ga ta nan tahe bisa ruwa." Ta tsaya tana jiran amsa. Nana ba ta san komai ba, ni kuma ban san abin da ake cewa ba in labari ya zo a jirgi. Na yi ta maza, a matsayina na 'yar direba, na ce, "Ta zo ta yi fakin." Kaka ta ce ya yi.

Ta raɗa wa 'yan matan suna. Siririyar mai iya komai ta zama Kande, gajerar mai faɗuwa ta zama Delu, malamarsu ta zama Gwaggo. Tekun ma ta ɗauke shi ta mayar kogi. Ta ce in rani ya yi ruwa ya ja, farin yashi kan fito a tsakiyar kogin, to nan Gwaggo ta kai su, mutanen gari suka biyo don kallo. Ta ajiye kankana bisa yashi, ta ce musu ido ba ya isar matuƙi, don akwai asubar da hazo ke kwanciya a kan ruwa har mutum ba ya ganin hancin jirginsa. A irin wannan asubar kunne ne ke kai mutum gida.

Kande aka fara ɗaure wa ido, aka juya ta sau uku, aka ba ta filafili. Ita tun tasowarta yabo kawai ta sani. Ta yi taku biyu, ta yi tuntuɓe, ta kife, mutane suka kwashe da dariya. Nan take ta fizge ƙyallen ta jefar, ta koma gindin jirgi ta zauna, ta ce ita ba abin wasan kowa ba ce. Sai aka ɗaure wa Delu. Delu ta faɗi, ta tashi, ta doki yashi, ta doki ƙwaryar Gwaggo, saura kaɗan ta sauke wa maigari rawani. Dariya kamar za a shiɗe. Ta ji kunya ita ma, har kunnuwanta suka yi zafi, amma tana cikin jin kunyar sai ta lura da wani abu. In ta yi nisa dariyar daban ce, in ta matso kuma daban, kuma ko ba komai tana gaya mata inda mutane suke tsaye. Sai ta riƙa bin ta, har filafili ya sauka a kan kankana. Aka raba kowa ya samu. Aka kira Kande ta ce ba ta jin yunwa.

Bayan shekaru, in ji Kaka, hazo ya rufe su duka biyun a tsakiyar kogi, kowacce da jirginta. Delu ta ajiye filafili ta kasa kunne, ta jiyo matan garinsu suna wanki a gaɓa suna ta shewa, ta bi muryarsu ta isa gida. Daga nan Kaka ta tafa hannu ta ce jirgi ya taɓa gaɓa, kowa shi ɗauki kayanai.

Na ce ba a gama ba, Kande fa?

"Ba ta nutse ba," ta ce. "Ta sauka wani gari, taz zamna can, tay yi arme, ta haihu. Gida dai ba ta koma ba."

Na gane da wa ake. Mama ce ta kai mata labarin Soundview, ba sai an faɗa mini ba. Na tura baki na ce a katun ɗin ba haka aka yi ba, su biyun duka sun ci kankana, ba wanda ya yi fushi. Ta ce to ta ji, amma da wane harshe nake wannan gardamar? Na juya mata baya, ita kuma ta ci gaba da jan carbinta.

Daga nan abin ya zama ƙa'ida. Da yamma mu kalli kashi ɗaya, ni ce tafinta, bayan magariba ta mayar mini da shi tatsuniya, da dalilan da Japanawa suka manta. Ba ta taɓa ce mini na yi kuskure ba. In na ce jirgin ta tafi, sai ta ce au, ya tafi? Ina ya nufa? In abin ya yi ban dariya kuma ta yi dariyarta ba ɓoyo, ni kuma wata rana in yi fushi, wata rana in taya ta. Ranar da Mama ta fara jiyo ni daga kicin ta fito da ludayi a hannu baki buɗe, Kaka ta harare ta, ta koma ciki. Amma duk wannan a falo ne. Da mun fita ƙofa, ko mun yi baƙi, sai in koma Turanci.

Saura mako biyu ta tafi, cikin Afrilu, Kaka ta ce ba za ta koma Yawuri ba ta ga tekun da ake binne mutane a bakinsa ba. Baba ya ce da sauran sanyi, ba mai zuwa bakin ruwa yanzu. Ta ce ai ba wanka za ta ba. Ranar Lahadi ya kwashe mu a tasi zuwa Orchard Beach, Kaka cikin jaket ɗinsa a kan zane, da safa biyu. Mun tsaya a wani shago mun sayi 'yar ƙaramar kankana, irin wadda ba lokacinta ba. Sai da muka sauka Mama ta ga muciyarta ta leƙo daga jakar Kaka. Ta buɗe baki, ta tuna da surukarta take, ta rufe.

Kaka ta je har bakin ruwa, ta ɗiba da tafin hannu ta ɗanɗana, ta tofar. Ta ce Allah ya ji ƙan kifin da ke zaune cikin wannan gishiri. Wurin ba kowa sai wani mutum da karensa, sai wasu mata biyu da yaransu a kan benci. Da muka matso na ji suna Hausa, irin ta mutanen Gana. 

Na ɗauka ni za a ɗaure wa ido. Sai Kaka ta kwance ɗankwalinta ta ɗaure nata, Baba yana cewa idon da aka sha wahala aka buɗe shi za a kuma rufewa. Ta sa ya juya ta sau uku, ta ɗaga muciya, ta ce takwara ce kaɗai za ta yi mata jagora. Matan nan biyu suka taso kallo. Iska na kaɗawa, in na yi raɗa ba za ta ji ba, in na yi Turanci ba za ta gane ba, ga ta kuma ta doshi ruwa. Na buɗe baki na kwarma mata cewa ta yi hagu. Ta yi hagu, ashe dama nake nufi. Matan suka fashe da dariya, ɗaya tana cewa yarinyar za ta kai tsohuwa teku. Fuskata ta yi zafi. Na ce a'a, ɗayan hagun. Dariyar ta ƙaru, har da Baba. Amma Kaka ta juyo daidai, ta fuskanci kankanar, ni kuma na ga ban mutu ba.

Ta fara takowa a hankali tana ƙirga takunta da ƙarfi. Sai dai ba ɗaya, biyu, uku take cewa ba. Wasu kalmomi ne da ban taɓa ji ba, ba Hausa ba, ba Larabcin salla ba. Tana cikin tafiya sai ta tsaya cak, muciya a sama. Na ce gaba, Kaka, saura kaɗan. Ba ta motsa ba. Leɓɓanta na motsi, ba abin da ke fita. Na dubi sawunta a yashi, guda bakwai ne.

"Gunganci ne," Baba ya ce a hankali, ba da ni yake ba. "Rabona da jin sa tun ina ƙarami."

Ta ƙarasa sauran takun shiru. A duka na uku kankanar ta fashe, cikinta fari-fari, ba zaƙi ko kaɗan. Muka ci da matan Gana da yaransu, kowa na rawar ɗari, ɗaya daga cikinsu tana tambayata ajin da nake ina ba ta amsa da Hausa ban ma lura ba.

Da magariba hitar ba ta yi wani ɗumi ba, lokacinta ya kusa wucewa, amma muka zauna wurin saboda sabo. Ban jira tatsuniya ba, na tambaye ta wane harshe ne wancan.

"Ni ma ba da Hausa anka haihe ni ba, takwara."

Ta ce mutanen tsibirinsu Gungawa ne, da harshensu. Da aka datse kogi ruwa ya haɗiye tsibirin, aka tashe su, ita kuma daga baya aka kai ta aure cikin gari. Hausarta a lokacin ta kasuwa ce, ta sayar da albasa. Ranar da ta ce wa surukinta "ke" maimakon "kai", matan gidan sun yi mako suna maimaitawa. Sai ta yanke cewa Gungancin ne ke ɓata mata baki, ta ajiye shi. Ba ta yi shi da 'ya'yanta ba, sai in ya suɓuce mata. In 'yan'uwanta sun zo ta amsa musu da Hausa. Ta ce a zatonta yana nan inda ta ajiye shi, duk ranar da ta so ta ɗauka. Yau ta je ɗauko takwas ta tarar ba ya nan.

Na ce ashe ita ce Kande. Ta ce da wa na zata? Na ji kunyar kaina, don wata uku ina ɗauka ni kaɗai ake yi wa wa'azi. Na ce a tambayi wani mana. Ta ce wa za a tambaya a garin nan? Ban taɓa jin tausayin babba irin na ranar ba, kuma ban san abin da ake cewa ba, ko da Turanci.

Wata guda da komawarta waya ta yi ƙara, Baba ya miƙo mini yana mamaki, ya ce ni ake nema. Ko gaisuwa Kaka ba ta tsaya yi ba, ta faɗo mini kalma ɗaya, ta ce takwas ke nan. Ashe jirgi ta shiga ta je wani ƙauye wurin wata tsohuwar ƙawarta, ta karɓo takwas da tara da goma. Ta ce da ta maimaita, matar ta yi mata dariya har tari ya sarƙe ta, wai bakinta ya zama na Hausawa. Na tambaye ta ko ta ji haushi. Ta ce ƙwarai kuwa, kuma Laraba za ta koma. Sannan ta sa ni ƙirgawa daga ɗaya har goma, sau biyar, Baba na tsaye yana kallona.

Shekara huɗu muka yi muna waya duk Lahadi kafin Allah ya yi mata rasuwa. Takardar zuwanta ba ta sake fitowa ba, ba mu ƙara ganin juna ba. Na daɗe ina ɗauka darasin tatsuniyar shi ne mutum ya daure wa dariya, kuma akwai wannan a ciki. Amma da na girma na fara aiki a asibiti, ana kira na in tsaya tsakanin likita da tsofaffin da ba sa jin Turanci, sai na ga abin da ya buɗe bakina ba jarumta ba ce. Mutane da yawa sun ce mini in yi Hausa don kada ta ɓace, don asali ne, don abin kunya ne a ce ban iya ba, kuma duk bai motsa ni ba. Kaka ce kaɗai ta zo da tambayar da take son amsarta da gaske. Tana son ta san abin da yarinyar cikin jirgi ta ce, tana son ta san dalilin dukan kankana, kuma tana da shekara sittin da wani abu ta shiga kwalekwale don neman kalma uku. Ina kewarta, kuma abin da na fi kewa shi ne yadda ba ta jin nauyin cewa ba ta sani ba.

Katun ɗin na sake kallonsa bara. Kashin bakin tekun minti ashirin ne da 'yan kai, kuma da gaske ba abin da ya faru a cikinsa. Gungancin kuwa ban iya gaisuwa da shi ba, ban san yadda ake cewa ruwa ba. Ƙirga kawai na iya. Na tambayi Baba, na tambayi ƙannensa da 'ya'yansu a Yawuri da Kaduna, ba wanda ya wuce uku. A duk zuri'ar Kaka, abin da ya rage na harshen uwarta kalma goma ne, kuma a hawa na biyar a Bronx suke zaune.